Moton Sahabi a Ƙofar Alhaji Tahiru

Ranar da Ummul ta fara ganin Sahabi, a kan turmi take tsaye.

Ba wasa ya hau da ita ba. Babanta, Alhaji Tahiru, dillalin dabbobi ne da kowa ya sani a Filinge, kuma Layya ta matso. Masu saye daga Yamai ba sa cewa uffan sai sun ga rago a bidiyo yana tafiya yana kaɗa ƙaho. Tun da ta gama lise, wato sakandare, Ummul ce ke riƙe masa waya, ita ke ɗauka, ita ke turawa.

To, akwai akwatin wifi na kamfanin Walƙiya a falo. Mahaifiyarta, Inna Fati, har kyalle mai ado ta lulluɓa masa kamar amarya. Sai dai aikinsa, Allah ya ba da haƙuri. In ya gaza, sai Ummul ta kifa turmi a gindin katanga, ta hau, ta miƙa hannu sama tana farautar rezo, wato sabis na waya.

Tana nan a haka sai ta ji murya daga gidan maƙwabta.

"Salamu alaikum, masu gida! Za a hau sama, a kintsa!"

Haka ake yi a garin nan, namiji ba ya hawa rufin ɗaki sai ya sanar, don mata su ja mayafi. Ta ji sarai. Amma kafin ta yanke shawarar sauka, sai ga kan wani saurayi ya ɓullo a kan tsani, anteni a kafaɗarsa, fuskarsu na kallon juna.

Ya yi maza ya kau da kai. "Ki gafarce ni, na yi sallama."

"Na ji ka. Sauka ce ba ni iyawa, saura kaɗan ragon ya isa Yamai."

"Rago?"

"Tun hantsi yake hanya."

Ya danne dariya, ta ƙi dannuwa. "Da a motar kasuwa kika sa shi, da yanzu ya wuce Balayara."

Ta harare shi, amma bakinta ya riga ya ci amanarta. Ya ce ta ɗan jira. Ya ɗaure anteni, ya murɗa shi dama, ya murɗa hagu, sannan ya gaya mata abin da za ta taɓa a waya, aro ne daga layin gwaji. Kafin ta gyara tsayuwa, rago ya tafi. Ta tura na biyu, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

"Ikon Allah," in ji ta.

"Da ɗan ƙoƙarin Shamuwa," in ji shi.

Shamuwa sabon kamfani ne da ya shigo garin a bana, ya kafa dogon ƙarfensa bayan tasha. Saurayin nan kuwa Sahabi ne, ɗan Bonkuku, shi ke bi gida gida yana ɗaura musu anteni.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Salam, 'yar kan turmi. Raguna sun sauka lafiya? Sahabi ne, na sama."

Ta karanta, ta aje, ta sake ɗauka.

"Lafiya lau suka sauka. Wa ya ba ka lambata?"

"Matar maƙwabcinku. Ta ce lada take nema."

"Lada ko tsegumi?"

"Ni dai ladan nake fata. Tun jiya duk rufin da na hau sai na duba ko akwai turmi."

Yaron kirki ne, bai tsaya ga saƙo ba. Ya turo kawunsa neman izinin zuwa hira. Alhaji yana wanke hannu zai fita garke ya tambayi Inna Fati, "Ɗan wa ne?"

"Ɗan gidan malamai ne daga Bonkuku. Aikin waya yake."

Alhaji ya ɗauka irin yaran nan ne masu gyaran salula a bakin kasuwa. Ya ce sana'a ce, ya zo.

Sai Sahabi ya fara zuwa. Da ya tashi aiki bayan la'asar, sai ya zarce a kan moton kamfani, wato babur, da farin akwati a baya an zana tsuntsuwar shamuwa ƙatuwa a jikinsa. Ya jingine shi a ƙofar gida, ya shiga zaure. A lokacin nan Alhaji ko yana garke, ko yana hanyar dawowa daga kasuwar Damana.

Hirarsu ba ta da nauyi. Ya ba ta labarin tsohuwar da ta hana shi hawa ɗakinta sai da ya sha fura. Ta ba shi labarin mai sayen da ya ce a sa rago ya yi kuka a waya don ya ji ko yana da mura.

"Ummulkhairi," ya ce wata rana, "ni fa na gaji da hawa rufin mutane. Nawa nake so in hau."

"Ka gina mana, wa ya hana ka?"

"Mana kika ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Cewa na yi ka gina mana, irin ta magana."

"Ni irin ta aure na ji."

Ashe suna ciki suna wannan, a waje wata magana ce ke tafiya.

Kun san kowace unguwa da nata ma'auni. A unguwar su Ummul, Alhaji Tahiru ne. Sabon irin hatsi, allurar dabbobi, farantin sola, ba wanda ke taɓawa sai an gani a gidansa. Kuma girmansa ya sa ba mai tarar sa ya tambaye shi kai tsaye. Ido kawai ake sa wa ƙofarsa.

Ido kuwa ya ga moton Shamuwa, yau, gobe, jibi. Sai aka ce ai Alhaji ya koma sabon kamfani. Mai shagon kusurwa ya sa aka ɗaura masa. Liman ya bi. Tela ya bi. Kafin wata ya ƙare, rufin unguwar ya cika da fararen anteni.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Malam Zaidu, wakilin Walƙiya a garin, aminin Alhaji tun suna kiwon awaki. Don shi Alhaji ya fara sa akwati a gidansa, don shi kuma ya jure jinkirinsa shekara da shekaru bai taɓa kai ƙara ba. Ranar sunan Ummul ma, Alhaji ya ce a gaban jama'a, wannan ɗiyar Zaidu ce, shi zai aurar da ita. Malam Zaidu na da ɗa, Haruna, mai taya shi aiki, wanda ya daɗe yana kallon Ummul bai sami bakin magana ba.

Shi Harunan ne ya fara kawo mata zancen. Ya shigo gaida Inna, ya sami Ummul tana tsince shinkafa.

"Ummul, sannu da ƙoƙari. An ce shef, shugaban Shamuwa, na shirin ɗaga saurayinki, ya ba shi dukan yankin Kurfai."

"Allah ya sa alheri. Mi ya kawo sannu?"

"Ai ke kika yi aikin. Kin zaci don hira yake jingine moto a nan? Ƙofar Baba yake so, ke ce hanyar."

Ta ce ya fita daga idonta. Amma bayan tafiyarsa ta ga tana zuba tsakuwa cikin shinkafa, tana zubar da tsintacciya.

Ba a yi magariba ba Alhaji ya shigo, ko takalmi bai tuɓe daidai ba.

"Ummul! Fati! Ku taho nan."

Suka durƙusa.

"Na ga Zaidu ya bar zuwa shan shayi, na bi shi shago. Kun san mi ya ce mini? Ya ce, Tahiru, da ka gaya mini da bakinka, da ya fi sauƙi. Ni! Ni da munka ci tuwo akushi guda tun ba mu da wando!" Ya juya ga matarsa. "Ke kinka ce aikin waya yake."

"To ai aikin waya ne, Alhaji."

"Aikin raba zumunci dai! Wanga yaro ya mai da ƙofata allon talla, ya mai da ɗiyata ƙusar rataya shi. Kada in sake ganin ƙafarsa, balle motonsa."

Ummul ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta shiga ɗaki, ta ɗauki waya, ta rubuta wa Sahabi.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san mutane na cewa Baba ya koma wurinku?"

Ta ga alamar ya karanta. Ta ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Na sani. Mai shago ya ce mini irin na Alhaji yake so, liman ma haka. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Aiki na tafiya, shef na yabo, sai na yi shiru. Amma wallahi, Ummulkhairi, ba don haka nake zuwa ba. Da a jeji gidanku yake, da can zan jingine moton."

Ta daɗe tana kallon saƙon.

"Shirun naka ya raba Baba da amininsa. Ni kuma yanzu ban san wanne ne nawa a cikin zuwanka ba. Kar ka sake rubuto mini."

Bai sake ba. Abin da ya fi mata ciwo ke nan, ko da yake ita ta ce.

Kwanakin da suka biyo baya, abinci sai ta taɓa ta ture. Inna Fati ta zuba mata ido har ta gaji, rannan tana tankaɗe ta ce, "Nuna mini abin da ya rubuto."

Ummul ta karanta mata.

"Hmm. Ya yi laifi, ba ni wanke shi. Amma namijin da ya ce na sani alhali ban sani ba na nan kusa da bakinsa, ba a yar da shi da gaggawa. Tashi ki ci tuwo, ramewa ba ta sasanta kowa."

Ana cikin haka sai ga Haruna da kwali a hannu, yana fara'a. Kamfanin Walƙiya ya aiko da sababbin akwatuna daga Yamai, sun ƙara wa layin gudu, sun kuma sassauta farashi. Ya cire tsohon, ya haɗa sabo. Alhaji ya ce Ummul ta gwada. Ta tura bidiyon wani bijimi, kafin ta ɗaga kai ya isa.

Alhaji ya gyara zama. "Haruna, wanga akwati sabon ƙira ne?"

"A'a Baba, a Yamai an daɗe da shi."

"To mi ya hana a kawo muna tuntuni?"

Haruna ya sosa ƙeya. "Da ai ba inda mutane za su je, Baba. Yanzu ne suka ce a fara ba waɗanda ake tsoron za su tafi."

"Ni ke nan ana tsoron in tahi."

"Haka labari ya kai musu."

Alhaji ya daɗe yana kallon tsohon akwatin a ƙasa da kyallensa a gefe. Ummul ta ɗan sa rai, amma da Inna ta taɓo zancen Sahabi da yamma, sai ya ce, "Wannan daban, wancan daban. Ko ruwa ya kawo mini a rani, da sunana ya yi ciniki."

Masallacin unguwa a jikin gidan Alhaji yake, katanga ɗaya da zaure. Ran Juma'a bayan la'asar, Ummul na sharar zauren ta ji an sallame salla, sai wata murya ta ce, "Jama'a, don Allah ku ɗan dakata." Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta.

Ta leƙa ta kafar ƙyaure. Sahabi ne, da farar jallabiya, ƙafafunsa duk ƙura. Daga tasha ya tako.

"Iyayena, ni ne yaron Shamuwa. Da yawanku kun sa na ɗaura muku anteni don kun zaci Alhaji Tahiru ya koma wurinmu. Bai koma ba, bai taɓa ko tambayata ba. Moton da kuke gani, ni ke zuwa neman aure. Na ji kuna faɗa, na yi shiru, don shirun na yi mini amfani. Na ci da sunan dattijo ba da izininsa ba, na kuma sa Malam Zaidu ya zargi amininsa. Duk wanda ya shigo don Alhaji, ya faɗa, ni zan hau in sauke da hannuna, in mai da shi inda yake. Na gaya wa shef ɗina haka, ya ce in na yi, in manta da girman da ya yi mini alkawari. Na ce na manta."

Can sai liman ya yi gyaran murya.

"To, ni dai gaskiya don Alhaji na shiga. Amma yanzu ina ganin jikokina na Kwatano a waya, har da majinar hancinsu. Yaro, kada ka taɓa mini ɗaki."

Aka fashe da dariya. Mai shago kuwa ya ce shi a sauke masa, tun da Walƙiya ta farka daga barci gara ya koma wurin Malam Zaidu. Tela ya ce shi zai tsaya tsakiya, wanda ya fi lallashinsa shi zai bi. Wasu mutum biyu suka bi bayan mai shago. Sahabi ya ce gobe da sassafe zai zo da tsani.

Sannan ya matsa, ya durƙusa gaban Alhaji. "Baba, ban zo roƙon komai ba sai gafara."

Alhaji ya dube shi, ya dubi amininsa da ke zaune a gefe yana jan carbi. "Gafara na yi maka. Sauran maganar ba tawa ba ce. Ɗiyar Zaidu ce, kowa ya sani. In ya ce a'a, a'a ce."

Ummul ta ƙara manna ido a kafar ƙyaure. Mutumin da aka kwashe wa rabin unguwa, wanda ɗansa ma ke so, shi ne zai yanke.

Malam Zaidu ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya yi sallama ya shigo zaure. Ta rasa inda za ta ɓuya, sai ta durƙusa a inda take.

"Ɗiyata, kin ji ke nan."

"Na ji, Baba."

Ya zauna a kan dakali, gwiwoyinsa na ƙara. "Ba ni ɓoye miki, na so a ce Haruna ne. Wane uba ne ba ya so? Amma ke nike tambaya."

"Duk abin da ka ce, Baba."

"Ban tambaye ki abin da na ce ba. Wanga shi kike so?"

Ta sunkuyar da kai, tana zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Hawaye ya ɗiga kan zanen. Da ƙyar ta ɗaga kai ta sauke.

Ya yi ajiyar zuciya, sai kuma ya yi 'yar dariya. "Kin san wani abu? Shekara da shekaru ina kiran manyana na Yamai, ina cewa mutanena na wahala, ku gyara. Sai su ce ana nan ana dubawa. Wani lokaci ko wayar ba su ɗauka. Yaron nan ya zo da tsaninsa, yanzu su ke kirana, har suna tambayar lafiyar iyali. Ya ci mini kasuwa, ya kuma sa an san ina raye. Ban san ko in mare shi ko in ba shi goro ba."

Ummul ta yi dariya cikin kuka.

"Wanda ya tsaya gaban masallaci ya tona kansa, zai iya riƙe mace. Share hawayenki. Haruna ni zan yi magana da shi, namiji ne, zai warke."

Da ya fita, ta ruga ɗaki ta ɗauki waya.

"Na sama, ƙafafunka ba su yi ciwo ba?"

Amsa ta zo nan take, kamar yana riƙe da wayar yana jira.

"Sun yi. Amma yanzu sun daina. Kin yafe mini, Ummulkhairi?"

"Sai ka sauke wa mai shago anteninsa tukuna. Kuma ka yi sallama kafin ka hau."

Bayan Layya aka sa rana. Mutanen Bonkuku suka zo da goro da dabino, malamai suka cika ƙofar gida har bakin hanya. Haruna ya yi kwanaki ba ya shiga mutane, amma ranar shi aka gani tun da safe yana kafa rumfa, yana yi wa masu kujeru faɗa.

Ummul na cikin ɗaki, ƙawaye sun kewaye ta, lalle ya kama jawur. Taga a buɗe take, don haka ta ji lokacin da liman ya tambayi waliyyin amarya.

Malam Zaidu ya gyara murya. "Na ba Sahabi ɗiyata Ummul. Amma jama'a ku shaida, ɗiya na ba shi, ban ba shi kasuwa ba. Ran Juma'a ya zo ya gaishe ni, ya ci tuwo, ni ubansa ne. Sauran kwanaki kuwa, in mun haɗu a ƙofar wani, kowa ya ja ɗamara."

"Mu ke nan mun huta!" in ji tela daga baya. "Ku yi ta yi, Allah ya ƙara muku ƙarfi!"

Dariya ta tashi har liman ya jira ta lafa, sannan ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Guɗa ta ɓarke a cikin gida. Inna Fati ta shigo ta rungume ɗiyarta, tana cewa Allah ya yi miki albarka, ya sa gidanki ne har abada.

Mu ma haka muke cewa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya bar dattawan nan biyu a kan tabarmar shayinsu, ya kuma haɗa kowace ɗiya da wanda zai zo dominta.